Shin mutanen Ingila na zamanin Shakespeare sun san Musulmi kuwa?

"Assalamu alaikum malam. Ni ɗaliba ce ina karanta adabin Turanci, wannan zangon an ba mu wasan Othello na Shakespeare. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda ake ta ambaton Turkawa a ciki kamar wasu dodanni, shi kuma Othello ana danganta shi da ƙasashen Musulmi amma yana magana kamar Kirista. Shin mutanen Ingila na lokacin sun san Musulmi ne da gaske ko dai a labari kawai suke jin su? Kuma ƙiyayyar addini ce ta sa suke rubuta irin wannan?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya biyu kika haɗa, ɗaya ta sani ɗaya kuma ta dalili. Ta farkon amsarta mai sauƙi ce, eh sun san Musulmi, sun yi ciniki da su, sun aika musu jakadu, har ma dubbansu sun zauna a ƙasashen Musulmi wasu da son ransu wasu a matsayin bayi. Ta biyun ce ke buƙatar a zauna, domin akwai ƙiyayya da jahilci ba wanda zai musa, amma idan kika tsaya nan kin bar rabin labarin a baya. Ni abin da na fahimta bayan shekarun da na yi ina koyar da waɗannan wasanni shi ne, yawancin lokacin da marubucin Ingila na wancan zamani ya ɗora Baturke ko mutumin Magrib, wato yankin Maroko da maƙwabtanta a Arewacin Afirka, a kan dandamali, rigimar cikin gidansu ce ke cin ransa, wato rigimar Katolika da Furotesta, Musulmin kuma ya zama abin fakewa.

Halin da Ingila ke ciki

Sai kin fara gane irin juyin da addini ya yi a ƙasar kafin komai ya fito miki fili. A 1534 sarki Henry na takwas ya raba gari da Fafaroma ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila, ya rushe gidajen ibadar ruhubanawa ya kwashe dukiyarsu. Ɗansa Edward da ya gaje shi a 1547 sai ya ƙara tura ƙasar cikin Furotesta, aka fito da littafin addu'a da Turanci a 1549 maimakon Latin da mutane suka saba ji tun kakanni. Edward bai daɗe ba ya mutu, yayarsa Mary ta hau a 1553 ta mayar da kowa Katolika, kuma a cikin shekara biyar ɗin mulkinta an ƙona kusan mutum 300 da ransu saboda sun ƙi komawa. Ita ma ta mutu a 1558, Elizabeth ta hau ta sake juya akalar zuwa Furotesta. Toh ki duba mutumin da aka haifa wajen 1520, kafin ya kai shekara arba'in an canza masa yadda zai bauta wa Ubangijinsa har sau huɗu, kuma kowane karo ana ce masa wancan na baya ɓata ne.

Kuma abin ba a baki ya tsaya ba. Dokar 1559 ta ce duk wanda bai je coci ran Lahadi ba za a ci shi tarar sule ɗaya, a 1581 aka mayar da ita fam 20 a wata, kuɗin da talaka ba zai gani ba ko a shekara. Limaman Katolika da ke shigowa a ɓoye idan an kama su kisa ne. Mahaifin Shakespeare kansa, lokacin da yake riƙe da asusun garinsu Stratford, akwai rubutaccen lissafi da ya nuna an biya kuɗi ta hannunsa don a shafe zane-zanen da ke jikin bangon wani ɗakin ibada na garin, wajen shekarar da aka haifi ɗan nasa kenan, 1564. An bi hotunan da farar ƙasa an lulluɓe. Yaron da ya taso a irin wannan gari ya san cewa ƙarƙashin farin bangon nan akwai addinin kakarsa, kuma ya san maƙwabcinsa na iya zuwa coci da safe alhali zuciyarsa na wani wuri. Tsoron mutum ya sauya addini, ko ya nuna wani a fili ya ɓoye wani, shi ne babban ciwon zamanin. Ki riƙe wannan za mu dawo kansa.

Yadda siyasa ta kai su ƙofar Musulmi

A 1570 Fafaroma Pius na biyar ya fitar da sanarwar korar Elizabeth daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. Ingila ƙaramar ƙasa ce a lokacin, ki cire hoton daular da ta zo ta ci ƙasarmu daga baya, wannan sai bayan ƙarnuka. Sifaniya ce mai ƙarfi, kuma Katolika ce, kuma tana neman hanyar da za ta murƙushe ta. Su waye ke iya tsayawa gaban Sifaniya? Daular Usmaniyya ta Turkawa da Maroko. Shi kenan sai Elizabeth ta juya can.

Wani ɗan kasuwa William Harborne ya isa Istanbul a 1578, zuwa 1580 ya samo wa 'yan Ingila izinin ciniki daga Sultan Murad na uku, daga baya ya zama jakada. Aka kafa kamfanin cinikin Turkiyya a 1581, na Magrib a 1585. Abin da zai ba ki mamaki shi ne kayan da suke kaiwa, akwai tufafin ulu amma akwai kuza da darma, har da ƙarfen ƙararrawar coci-cocin da aka rushe, wanda ake narkawa a yi igwa da shi. Fafaroma ya daɗe da haramta sayar wa Musulmi kayan yaƙi, amma tunda an riga an kore ta ai dokar ba ta hau kanta ba. A wasiƙunta ga Sultan tana gabatar da kanta a matsayin mai yaƙi da bautar gumaka, wato tana nuna masa cewa ni da kai mun fi kusa da juna fiye da ni da masu durƙusa wa hotuna. Ta yi musayar wasiƙu da kyaututtuka da Safiyya mahaifiyar Sultan Mehmed na uku, ta aika mata keken doki na alfarma, shi kuma Sultan aka kai masa wani abin kiɗa mai agogo a 1599 wanda ke kaɗa kansa da kansa har tsuntsayen da aka ƙera a samansa su motsa fukafukai su yi kuka. Maƙerinsa Thomas Dallam sai da ya bi shi har fada ya gyara shi saboda tafiyar teku ta lalata shi.

Daga Maroko kuma sukari suke samu da sinadarin haɗa albarushi. Sarkin Maroko na lokacin shi ne Ahmad al-Mansur, kuma wannan suna ya kamata ya yi miki ƙara a kunne domin shi ne ya aika rundunar da ta tsallaka Sahara ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, a zamaninsa ne aka kwashe malaman Timbuktu irin su Ahmad Baba aka kai Marrakesh. Toh shi ɗin ne a 1600 ya aika jakadansa Abdulwahid bin Mas'ud zuwa Landan da tawaga, suka zauna kusan wata shida, ana tattauna yiwuwar haɗa kai a yaƙi Sifaniya. Mutanen gari sun zuba musu ido sosai, har an rubuta cewa da kansu suke yanka dabbobinsu a gidan da aka sauke su, suna fuskantar gabas, kuma suna jan carbi. An zana hoton jakadan, yana nan har yau a hannun jami'ar Birmingham, farin rawani, baƙar alkyabba, takobi a kugu, yana kallon mai kallonsa ido cikin ido ba alamar ƙasƙanci ko kaɗan. Duk shekara nakan nuna wa ɗalibaina wannan hoto kafin mu buɗe Othello, kuma nakan ga yadda karatunsu ke canzawa, don da yawa suna shigowa da tunanin cewa Baturen lokacin yana kallon Musulmi ne daga sama. A 1600 Bature ne ke roƙon alfarma a fadar Musulmi.

A wannan shekarar dai ta 1600 aka buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Granada da ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Fafaroma aka yi masa baftisma a 1520. John Pory ne ya fassara. A cikin littafin akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Borno. Wato mai karatu a Landan shekara ɗari huɗu da suka wuce zai iya karanta labarin ganuwar Kano da 'yan kasuwarta. Masana na jayayya kan ko shi Wazzan ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko kuwa daga bakin fatake ya ji, amma dai sunayen sun shiga Turanci tun lokacin. Masu nazari da yawa na ganin rayuwarsa, mutumin da ya tsallaka daga wani addini zuwa wani yana ba Turawa labarin ƙasashen da ya gani, tana da kama da yadda Othello ke ba da labarin kansa.

Toh me ya sa dandamali ya nuna su haka?

Nan ne gizo ke saƙa. Tun 1559 aka hana wasan kwaikwayo taɓa maganar addini da mulkin ƙasar kai tsaye, akwai jami'in fada da sai ya karanta wasa ya sa hannu kafin a nuna shi, a 1606 ma aka ƙara da dokar tarar fam 10 ga ɗan wasan da ya ambaci sunan Allah da wasa a kan dandamali. Ga shi kuma abin da ke damun kowa shi ne addini. Marubuci ba zai iya fito da Bakatolike da Bafurotesta suna gardama kan wane ne a kan gaskiya ba, sai ya kai labarin Tunis ko Kubrus ko Malta, ya sa Kirista da Baturke da Bayahude, ya faɗi abin da yake so. Kamar matar da ke zagin akuya a tsakar gida ne alhali kowa ya san da kishiya take. Masu kallo da suka biya kwabo ɗaya suka tsaya a fili sun san gugar zana idan sun ji ta.

Akwai kuma dalilin kasuwa, kada mu manta. Gidajen wasa sana'a ce, na farko mai ɗorewa an gina shi a 1576, kuma rawani da takubba da sarakuna masu dakaru dubbai suna jawo jama'a. Wasan Marlowe na Tamburlaine wajen 1587 ya yi kasuwa sosai har kowa ya shiga kwaikwayonsa, cikin shekaru kaɗan an yi wasanni gommai masu Turkawa da mutanen Magrib. Zan gaya miki gaskiya akwai wurin da ke da nauyi a wannan wasa, inda jarumin ke sa a ƙona Alƙur'ani yana ƙalubalantar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk lokacin da muka zo wurin aji kan yi tsit, ni ma ba na jin daɗin karanta shi. Amma nakan ce wa ɗalibai su ci gaba kaɗan, domin jim kaɗan bayan wannan aika-aika ciwo ya kama shi, ciwon da ya zama ajalinsa. Masana sun daɗe suna gardama kan me Marlowe ke nufi, shi da aka zarga da rashin yarda da kowane addini. A wani wurin kuma cikin wasan Kiristoci ne suka karya alkawarin da suka rantse a kai, sarkin Musulmi ya kai ƙara wajen Almasihu kuma ya ci su da yaƙi. Marubucin da burinsa kawai ya zagi Musulunci ba zai rubuta wannan ba.

Jahilcin kuwa yana nan jingim. A wasu wasannin za ki ga an nuna Musulmi suna bauta wa wani kan gunki mai magana, abin da duk wanda ya taɓa zama da Musulmi kwana ɗaya ya san ƙarya ne, gadon tatsuniyoyin zamanin yaƙin 'yan Salibiyya ne kawai. Kowane Musulmi a wajensu Baturke ne ko daga ina ya fito. A littafin addu'arsu ma akwai addu'ar da ake yi ranar Juma'ar tunawa da gicciye inda ake roƙa wa Yahudawa da Turkawa da kafirai da 'yan bidi'a shiriya a jere guda. Masu wa'azin Furotesta kuma sun saba haɗa Fafaroma da Sultan a matsayin maƙiyan Almasihu biyu, su kuma Katolika suna mayar da martani cewa ai Furotesta ne 'yan'uwan Turkawa tunda dukansu suna farfasa hotuna. Kin ga kowane ɓangare ya ɗauki Musulmi ya mayar da shi sandar dukan ɗan'uwansa.

Maganar masu musulunta

Wannan ɓangaren ne na fi so ki kula da shi don shi ne zai buɗe miki Othello. Jiragen Aljiyas da Tunis da Sale ta Maroko suna kama 'yan Ingila a teku, wani lokaci har bakin gaɓarsu, a 1631 an kwashe mutum sama da ɗari daga wani ƙauye mai suna Baltimore a Ayalan. Ana tara kuɗin fansa a coci-coci. Amma abin da ya fi tayar wa hukuma hankali shi ne da yawa daga cikin waɗanda aka kama sun musulunta, wasu bisa tilas ko neman sauƙi, wasu kuma don sun ga rayuwar da ba za su taɓa samu a gida ba. A Ingila ɗan masunci masunci zai mutu, a can kuwa zai iya zama babba. Samson Rowlie ɗan wani ɗan kasuwa ne da aka kama, ya zama Hasan Aga, ma'ajin mai mulkin Aljiyas. John Ward matuƙin jirgi ne da ya koma fashin teku, ya zauna a Tunis ya musulunta ya zama Yusuf Ra'is. A 1612 wani marubuci Robert Daborne ya yi wasa a kansa inda ya nuna shi yana nadama yana kashe kansa cikin wulaƙanci, alhali a daidai lokacin mutumin na nan da ransa a katafaren gidansa a Tunis, sai bayan kusan shekara goma ya mutu. Dandamali ya hukunta shi tunda hannun hukuma bai kai gare shi ba.

Su kuma waɗanda suka dawo gida fa? Mutum ya dawo ƙauyensu ya shiga coci ya zauna, wa ya san abin da ya furta a can? Abin ya dame su har a 1637 babban limamin Canterbury William Laud ya sa aka tsara wata hanya ta musamman ta tuba ga wanda ya musulunta ya dawo, ya tsaya a ƙofar coci da farin mayafi da sanda a hannu na wasu makonni kafin a karɓe shi. Ki tuna abin da na ce ki riƙe, ƙasar da kowa ya ga iyayensa sun sauya addini bisa umarnin sarki, dole maganar tuba da ridda ta zama mai zafi a wajenta.

Yanzu ki koma wasan naki. An nuna shi a fada a 1604. Turkawan da ake ta tsoron za su kai wa tsibirin Kubrus hari a farko ba su ma bayyana ba, guguwa ta nutsar da jiragensu tun farkon kashi na biyu, alhali a tarihi na gaskiya Usmaniyya sun ƙwace Kubrus a 1571 kuma masu kallo sun sani. Da maƙiyin waje ya gushe sai ɓarnar ta fito daga cikin Kiristocin kansu, daga Iago ɗan Venice, ɗaya daga cikin hafsoshin Othello. Othello Kirista ne a wasan, Iago ma ya ambaci baftismarsa, kuma da ya tarar da sojojinsa suna faɗa sai ya tambaye su ko sun zama Turkawa ne. A jawabinsa na ƙarshe ya ba da labarin yadda ya taɓa kashe wani Baturke mai rawani a birnin Halab na Siriya don ya zagi Venice, yana faɗin haka ya soka wa kansa wuƙa, wato ya zama shi ne mai kare Kiristanci kuma shi ne Baturken da ake kashewa. Ni a karatuna wannan mutum ne da ya ba mutanen Venice komai amma bai taɓa samun tabbacin sun karɓe shi ba, kuma Iago da wannan raunin ya kama shi. Shakespeare bai fito ya ce Othello Musulmi ne a da ba, ki kiyaye kada ki rubuta hakan a jarrabawa kamar tabbas ne, ki ce wasan ya bar ƙofar a buɗe. Haka nan babu wata takarda da ta nuna ya haɗu da jakadan Maroko, duk da kamfaninsu na wasa yana Landan a lokacin.

Ilimi na gaskiya ya zo a makare

Masu son sanin Musulunci daga tushe sai a ƙarni na 17 suka fara samun gindin zama. An kafa kujerar koyar da Larabci a Cambridge a 1632, a Oxford a 1636, wanda ya fara riƙe ta Oxford shi ne Edward Pococke da ya yi shekaru a Halab yana limancin 'yan kasuwar Ingila yana karatu wajen malaman garin yana sayen littattafai. Fassarar Alƙur'ani ta farko da Turanci ta fito a 1649, watanni kaɗan bayan an fille wa sarki Charles na ɗaya kai, kuma daga Faransanci aka juyo ta ba daga Larabci ba, aka haɗa ta da gargaɗi ga mai karatu. Ko a nan ma rigimar gida ce, domin mai gabatarwar yana amfani da ita ne yana yi wa masu mulkin lokacin habaici. Sai a 1734 George Sale ya fassara kai tsaye daga Larabci. Akwai wani likita Henry Stubbe da ya rubuta littafi wajen 1671 yana kare Annabi daga ƙaryace-ƙaryacen Turawa, amma ba a iya buga shi ba, a rubuce da hannu ya yi ta yawo har 1911.

Iyakar abin da za a iya faɗa kuma ita ce, kusan duk shaidar da ake da ita daga alƙalamin maza masu ilimi ta fito, limamai da 'yan kasuwa da marubutan wasa. Abin da matar matuƙin jirgi a Devon ke ji game da mijinta da ya musulunta a Aljiyas, ko abin da su jakadan Maroko suka faɗa wa junansu game da Landan idan sun koma masauki, kaɗan ne ƙwarai ya rage a rubuce. Saboda haka idan za ki rubuta takardarki ki guji cewa "Turawan Ingila sun ɗauka kaza" a dunƙule. Ki ce wane, a wace shekara, yana magana da wa, kuma me yake nema. Ɗan kasuwan da ke Halab da mai wa'azin da ke Landan a shekara ɗaya suke raye amma ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma malaminki zai fi ba ki maki idan kika nuna masa kin ga bambancin. Allah ya ba da sa'a.